Shimfiɗar Hurde

Ku matso kusa, samari, ku jawo tabarmar nan cikin inuwa. Kai mai kabu-kabu, kashe mashin ɗin tukuna, fasinja ba su ƙarewa. Jiya na ji ɗayanku yana cewa kiwon doki ba sana'a ba ne, wai daga kwashe kashi sai zuba ciyawa. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da ubana ya kama hannuna ya kai ni bargar Alhaji Bawa mai fatu, nan cikin Tambuwal, ya damƙa ni ga Baba Jatau, tsohon da ke kula da dawakin gidan.

Aikin farko da Baba Jatau ya ba ni shi ne in durƙusa in sansana kofato. Ya ɗaga ƙafar wani doki bikili, ya kankare cikinta da 'yar wuƙa, ya ce, "Labbo, sa hancinka. Mi kaj ji?"

Na ce, "Warin doki, Baba."

Ya ƙwanƙwashe ni da ƙotar wuƙar. "Doki ba shi wari. Ƙasar da shika tsayi bisa ita ka wari, ta kama mai ƙafa. Kofato mai lafiya ƙamshin busasshen ƙaho gare shi. Ranar da kaj ji ɗoyi, shimfiɗarka ta ɓaci, kuma kai ka ɓata ta."

Kayan aikinmu ba su da yawa: tsintsiyar kaba, kwando, hauya, lauje, waccan wuƙa ta kofato, ragama da dabaibayi, sai ƙahon sa da anka huda ƙarshensa don ɗura magani. Amma Baba ya ce babban kayan aiki kunne ne. Kowace safiya sai in manna kunnena a kwiɓin doki in saurara. Cikin doki mai lafiya ba ya shiru, ƙugi yake kamar cida daga nesa. In ka ji tsit, to ka fara salati. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne tun ina ƙarami. Daga ɗakin uwata nakan gane matar da ke daka a unguwa ta sautin taɓaryarta.

Akwai kuma abin da Baba bai koya mini da baki ba, da ido na gani. A zamanin nan in doki ya mutu a hannun mai barga, ba a cewa kwanansa ne ya ƙare. Cewa ake an ba shi wani abu. Wani mai suna Na'Allah da ke kiwon dokin maƙwabcinmu, da dokin ya faɗi, da igiyar dabaibayin dokin anka ɗaure shi zuwa gaban alƙali. An sake shi daga baya, ba a samu komai ba. Amma ba wanda ya ƙara ba shi ko akuya ya riƙe. Ya bar gari da matarsa da 'yar tukunyarsu, har yau ban san inda ya nufa ba. Ni kuma mutum ne da ko Sanyinna na je sai in ji kamar na ɓata. Barin Tambuwal a wurina bai da maraba da kabari.

Shekarar da anka samu mulkin kai, idanun Baba Jatau sunka mutu, ya koma Sanyinna wurin ɗiyarsa, barga ta dawo hannuna. A shekarar ne kuma Alhaji ya dawo daga kasuwar Kebbe da wani hurde, doki mai fari da ɗige-ɗigen toka, dogo, mai faɗin ƙirji. Da shi Alhaji yake son ya riƙa shiga kasuwannin ƙauye sayen fatu, inda mota ba ta zuwa. Ba mu raɗa masa wani suna ba, Hurde kawai muke ce masa. Kyau kam ba a magana. Amma ban taɓa ganin ƙazamin doki irinsa ba.

Kowane doki yana da kusurwar da yake kashi, ya bar wurin kwanciyarsa da tsabta. Hurde a tsakiya yake yi, sannan ya bi ya zagaya turke yana tattakewa har sai ya dama shi kamar ana kwaɓin gini. Fitsari kuwa kamar an kifar da randa, kuma daidai inda zai kwanta. In ka aje masa ruwa ya sha rabi, ya sa hannu, wato ƙafar gaba, ya ture sauran. Da safe in zo in ishe farin doki ya koma ruwan ƙasa har kunnuwa.

Na fara da busasshiyar ciyawa, yadda Baba ke yi wa sauran. Na shimfiɗa ta da kauri da yamma. Kafin gari ya waye ya cinye rabi, har da wadda ya yi wa fitsari, ya bar harawarsa a komin abincinsa ko taɓawa bai yi ba. Na koma ƙaiƙayin gero daga masussuka. Wannan yana shan ruwa, sai dai ƙurarsa ta sa shi tari, jikinsa ya yi ta susa har ya goge gashin wutsiya a jikin bango. Ɓuntun shinkafa da wani direba ya kawo mini daga fadamar Kebbe ya fi su duka, na yi murna. Da ruwan farko ya sauka sai ya zama kunu.

Ɓawon gyaɗa ne ya kusa kai ni lahira. Na samo shi buhu-buhu wurin masu ɓara, ga shi ba ya riƙe laima, ga sauƙin shara. Ban yi tunanin 'yan ƙwayoyin da ke saura a ciki ba. Ƙwaya ta kira kusa, wato ɓeraye, kusa sunka kira abin da ke cin su. Wata safiya na sa hannu zan kwashe jiƙaƙƙen wurin, sai na ji wani ɗan sauti, ssss, kamar an ɗiga ruwa a tanda mai zafi. Na janye hannuna a hankali. Kububuwa ce, naɗe, launinta da na ɓawon ba bambanci. Taki ɗaya tsakaninta da ƙafar Hurde. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Damina ta kankama, ni kuwa ba ni da shimfiɗa. Hurde yana tsaye cikin caɓi. Ran nan na ɗaga ƙafarsa ta baya na sa hanci, sai ɗoyi ya buge ni. Tsakiyar kofaton ta yi baƙi ta yi laushi, wuƙa na nutsewa. Na wanke da ruwan bagaruwa, wadda ba ta yankewa a gidan mai fatu, na cusa toka. Alhaji ya leƙo ya ga dokin yana ɗingishi. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma na fi tsoron haka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Labbo, Jatau ya ce mini ka iya."

"Ranka shi daɗe, ina kan ƙoƙari."

"To."

Ya juya ya tafi. Wannan "to" ɗin ta kwana tana yi mini yawo a kunne.

Tunau mai jaki ne ya kawo shawarar yashi. Shi ke kawo wa magina ƙasa, abokina ne tun muna yara, bakinsa ba ya hutawa. Ya tsaya bakin barga ya toshe hanci ya ce, "Kai Labbo, wanga doki ne ko majema? Sarkin ƙazanta ya samu waziri."

"Jakkanka ma sun fi ka wanka."

"Sun fi ni, amma ba su kwana cikin kunu. Zuba mai yashin rafi, wawa. Fitsari shi wuce ƙasa, kashi shi tsaya bisa."

Na kwashe caɓin nan duka har na kai ga ƙasa mai tauri, na yi daɓe na karkata shi wajen bango, na huda rariya, na barbaɗa toka. Tunau ya yi ta sauke mangala. Farin yashi mai laushi, har ya kai mini idon sawu. Wallahi kamar an yi sihiri. Da safe in bi da kwando in tsince kashin, in kwashe inda ya jiƙe in shanya a rana, in zuba sabo. Kofato ya bushe, ɗingishi ya tafi, Hurde ya koma fari. Kuma yashi ba abin ci ba ne, bai ko kalle shi ba. Alhaji ya ba ni tsohuwar rigarsa. Na ce wahala ta ƙare.

Da ruwa ya yi yawa, rafi ya cika ya rufe inda Tunau ke ɗiba. Bai fasa kawowa ba, ni kuma ban tambaye shi daga ina ba, yashi dai fari ne kamar na da. A kwanakin ne na fara ganin Hurde yana lasar ƙasa. Doki mai ture ruwansa da cin shimfiɗarsa, in ya ƙaro lasar ƙasa, wa zai yi mamaki? Na ce sabon iskanci ne. Sai kashinsa ya fara sassautawa, ya ɗan rame. Ana haka Alhaji ya yi lodin fatu a mota zai kai Sakkwato. Da zai shiga ya ce, "Amanar Hurde, Labbo." Ya bar gida a hannun ƙanensa, Malam Sa'idu, wanda tun farko ya so a ba surukinsa barga, ba ni ba.

Ranar kasuwa da hantsi na dawo daga yankan ciyawa na ishe Hurde jiƙe da gumi. Yana kafta ƙasa da hannu, ya waiga ya dubi kwiɓinsa, ya kai wa cikinsa shuri. Sai ya zube ya fara birgima. Na yar da ciyawar na kama ragama na tashe shi da ƙyar, na manna kunnena a cikinsa. Babu ƙugi. Amma ba tsit ba ne. Can ƙasa, kusa da cibiya, akwai wani sauti da ban taɓa ji a cikin dabba ba, shaaa, shaaa, kamar mace tana rairayar tsaba a faifai. Baba Jatau bai taɓa faɗa mini wannan ba. 

Kafin in ankara barga ta cika da mutane. Malam Sa'idu ya ratso su.

"Mi kab ba shi?"

"Abin da nika ba shi kullum, Malam. Dusa da gero da harawa."

"Kullum shina birgima haka?"

Wani daga baya ya ce, "Irin ta Na'Allah ce." A hankali ya faɗa, amma na ji, har na gane muryar. Malam Sa'idu ya aika a kira ɗan doka, ya ce kada a bari in fita. Sannan ya nuna komi, inda sauran dusar safe take, ya ce, "In babu komi ciki, ci mu gani."

Na durƙusa gaban jama'a na ɗebi dusar doki na zuba a baki. Ta bushe mini a maƙogwaro, na haɗiye da ƙyar, na ƙara. Kowa ya zuba mini ido ana jiran in faɗi. Ɗan doka ya iso da jar hularsa da kulki, ya tsaya bayana. Ina jin numfashinsa.

A cikin taron akwai wani tsohon Bafillace, Buba, daga wajen Fakku, wanda ke kawo wa Alhaji fatu ranar kasuwa. Ya jingina da sandarsa yana kallon dokin, ba ni ba. Ya ce, "Kaɗo, da kas sa kunne, mi cikin yac ce ma?"

Na ce, "Baffa, kamar ana rairaya."

Ya ce a ba shi ƙwarya da ruwa. Ya ɗauki ɗan kashin da Hurde ya yi da safe daga cikin kwandona, ya zaɓi na sama wanda bai taɓa ƙasa ba, ya dama a ruwan da hannunsa, ya jira, ya tsiyaye a hankali. A gindin ƙwaryar sai ga yashi kwance, ya fi cikin tafi.

Malam Sa'idu ya ce, "Yashi yab ba shi ke nan!"

Na ce, "Malam, tun da damina tak kankama bisa yashi shika kwana, bai taɓa ci ba."

Buba ya duƙa ya ɗebi shimfiɗar daga busasshen wuri, ya taɓa a harshe, ya tofar. Ya yi 'yar dariya. "Kun sa yaro ya ci na komi. Ga abin da dokin ka ci, kuna tsaye bisa." Ya miƙo mini. Na lasa. Gishiri-gishiri, da ɗan ɗacin nan da kowa ya sani. Kanwa.

Anka nemo Tunau a kasuwa, ya zo ba ko wasa ɗaya a bakinsa. Ya ce da rafi ya cika sai ya koma wani tudun yashi sama da mashaya, ƙarƙashin manyan itatuwa.

Buba ya ce, "Nan muka ba shanu kanwa duk farkon damina, tun kakannina. Mu jiƙa ta a kwami, su sha, su zubar, ƙasa ta shanye. Ko saniya ta biyo wurin da rani sai ta tsaya ta lasa. Kun kwaso ma doki miya kun shimfiɗa mai."

Malam Sa'idu ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. Doki dai a hannuna yake, in ya mutu ni da alƙali. Ya gaya wa ɗan doka duk inda na sa ƙafa ya sa.

Buba ya ce abu ɗaya ke fitar da yashi, yauƙi. Na leƙa zaure na yi kira cikin gida, matan Alhaji da na maƙwabta sunka fito da busasshen guro, wato kuɓewa, da lalo, duk abin da sunka aje na miya. Turame sunka ɗauka a lokaci ɗaya. Anka dama a ruwan ɗumi har yana ja kamar igiya, munka zuba man gyaɗa. Na ɗaga kan Hurde kaɗan, ba da yawa ba, don in ya sarƙe ya shiga huhu an gama. Na sa ƙaho ta gefen baki ina zubawa kaɗan-kaɗan, ina shafa maƙogwaronsa, ina sauraron kowace haɗiya. Rabin na farko a rigata ya ƙare.

"Yanzu ja shi," in ji Buba. "Kada ka bari shi kwanta. In yay yi birgima da nauyin ga, hanji na murɗewa, ba mai kwance shi."

Munka fita. Ni a gaba da ragama, Buba a gefe, ɗan doka a baya. Munka bi bayan gari, ta marina, mu zagayo ta bakin kasuwa, mu dawo gida mu ƙara ɗura, mu sake fita. Mutane suna nuna ni. Na ga uwata tsaye a ƙofar gidanmu da mayafi a baki, na sunkuyar da kai na wuce. Duk inda munka tsaya in sa kunne, shaaa, shaaa, ba abin da ya sake. Azahar ta wuce, da ɗaiɗai munka yi salla, wani na riƙe da doki.

Bayan la'asar, daidai wata kuka a bayan marina, ƙafafunsa na gaba sunka lanƙwashe. Ya zube. Na ja ragama da duk ƙarfina, ko motsi. Idonsa ya juye, ya fara karkata zai kwanta ta gefe. Na ji bakina yana ta kiran sunan Allah, na kuma ji ina roƙon dokin kamar mutum, "Hurde, don girman Allah, don darajar iyayenka." Buba ya kama wutsiya ya murɗa. Sai na ga kulki ya faɗi a ƙasa kusa da ni. Ɗan dokan nan ya tura hularsa ƙeya, ya sa kafaɗa a ƙirjin doki yana cewa, "Ja, ɗan banza, ja! Ni ma ban son kai ka gaban alƙali!" Tunau ya fito ban san daga ina ba, ashe tun ɗazu yana bin mu daga nesa. Mu huɗu munka tashe shi.

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, sai Hurde ya tsaya cak ya ɗaga wutsiya. Ya saki wata iska mai ƙara da tsawo, har 'yan marina sunka waigo. Tunau ya ce, "Allahu akbar, ban taɓa jin wa'azi mai daɗin wanga ba." Sannan kashi ya biyo, mai yauƙi, mai nauyi, yana faɗuwa tim kamar jiƙaƙƙiyar ƙasar gini. Na sa kunne. Rairayar tana nan, amma a bayanta, can nesa, na ji ƙugi. Na zauna a ƙasa.

Kwanaki munka yi muna ɗura yauƙi, yashi na fita. Na kwashe shimfiɗar nan duka na kai bayan gari, Hurde yana kwana bisa daɓe tsirara, fitsari na kwance, ni kuma ina sansana kofato safe da yamma ina jin ɗoyin yana shirin dawowa.

Da Alhaji ya dawo, tun a zaure Malam Sa'idu ya ba shi labari yadda yake so. Alhaji ya shigo barga ya dubi dokin, ya rame har ana ƙirga haƙarƙari. Na aje ɗan yashin a ƙwarya don ya gani. Ya ɗiba ya taɓa a harshe, ya tofar, ya riƙe sauran a hannu.

"Yanzu mi za ka shimfiɗa mai?"

Na riga na kwana da tambayar nan. Ciyawa ya ci, ƙaiƙayi tari, ɓuntu caɓi, ɓawo maciji, daɓe tsirara kuma kofato zai ruɓe kafin kaka. Na ce, "Yashi, ranka shi daɗe."

Malam Sa'idu ya daka tsawa, "Kun ji ko! Bai gama da shi ba!"

Na ce, "Ba abin da ka riƙe fitsarin Hurde sai yashi. Amma ba mangalar da za ta sauka gidan ga sai na ɗanɗana ta, sama da tsakiya da ƙasa. Komin abincinsa kuma in ɗaga shi bisa dutse, kada ƙwaya ta faɗi shi bi ta. Kanwarsa in ba shi a ruwa, shi ƙoshi, shi bar nema."

Alhaji ya sake duban yashin da ke tafinsa. Sannan ya ce, "Yi. Amma ka sani, Labbo, gari duka ya ji kai kaz zaɓa, da bakinka. In ya sake kwantawa, ba ni iya tare ma kowa."

Washegari Tunau ya iso da jakuna daga wani wuri can sama da rafi. Na tsayar da shi a ƙofa, na tura hannu cikin mangala har gwiwar hannu, na ɗebo na sa a baki. Ya ce, "A kawo ma miya ko haka za ka ci?" Ban yi dariya ba, ina taunawa ina saurarar harshena. Lami. Na ce ya sauke. Na baje shi da hauya, na jawo Hurde na ɗaure a turke. Ya sunkuyar da kai ya sa hanci a sabon yashin yana shinshinawa, ni kuwa na tsaya riƙe da numfashina ina kallon leɓensa. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai, ya buɗe ƙafafu, ya sakar masa fitsari a tsakiya.

Shekarun da Hurde ya ƙara yi a hannuna, ba lodin da ya shiga bargar nan ban tauna ba, kuma ba safiyar da na tura ƙyauren gabana bai faɗi ba. To kai da ke saurare, da kai ne tsaye gaban Alhaji ran nan, yashin da ya kusa kashe dokinsa yana cikin tafinsa, ƙanensa yana jiran ka buɗe baki, mi za ka ce a shimfiɗa?